Ranar Da Hannuwana Suka Yi Ƙarya A Coci

Masu bina a wannan shafi, na ga saƙonninku kaf, har da na baiwar Allahn da ta rubuto cewa in ba na son Dogo in tura mata lambarsa. 'Yar'uwa, ki dakata tukuna, ni kaina ban san ko zan bayar ba. Ku kuma da yau kuka fara leƙowa, ku matso in gaya muku ko ni wace ce, kada ku cika ni da tambaya daga baya.

Auta ake ce mini. Mu biyu Mama ta haifa, ni da Yaya, Baba kuwa tun ina firamare ya rasu. Yaya ba ta ji. Wani zazzaɓi ne ya tafi da kunnuwanta tana ƙarama, kafin ma a haife ni, saboda haka ni da maganar baki da maganar hannu tare na taso da su, ban san wadda na fara koya ba. Ita tela ce, kekenta na nan a ɗakinmu bakin taga. Ni kuma ranakun aiki ina shagon buga takardu, ina fama da wani tsohon inji da ba ya cinye takarda sai ya ga mai ita yana sauri. Ranar Lahadi kuwa, ni ce wannan da ke tsaye gefen bagadi cikin baƙar riga, ana wa'azi tana ta wulla hannuwa.

Baƙar rigar nan ita ce ciwon da ke cina. Aikin yana da doka. Kurma da ido yake sauraro, in kika sa yadi mai furanni ko mai ƙyalli sai hannunki ya ɓace a cikinsa, kafin a kai rabin wa'azi idonsa ya gaji. Don haka sai baƙi ko shuɗi mai duhu. Ba zobe, ba awarwaro, ba jan farce, 'yan kunne ma sai ƙanana waɗanda ba sa lilo. Ni kuwa Allah ya yi ni da son gayu. Sa'o'ina su shigo coci sun sha ado, ni ina gaba kamar mai zaman makoki.

Ba kuma ni na nemi aikin ba. Da can a bencin baya muke zama ni da Yaya, ina ɗan yi mata bayanin wa'azi a kan cinya, wani lokaci in haɗa mata da gulmar ɗankwalin wata. Baba Fasto ya hango mu, ya ce in dawo gaba. Kafin ka ce kwabo labari ya zaga gari, kurame suka fara zuwa. Baba Mai Agogo ya zo, wani tsoho da ke gyaran agogo a bakin kasuwa, sai wasu mata biyu masu wanki a asibiti, sai wani magini da matarsa, da wasu bayansu. Benci ɗaya ya cika aka ƙara na biyu. Babu wanda ya taɓa tambayata ko ina so, ni ma ban taɓa tambayar kaina ba.

A cocinmu kowa da kiransa. Wannan ta yi mafarki ta ga kanta tana waƙa cikin fararen kaya, washegari ta shiga mawaƙa. Wancan yana cikin tuƙi ya ji an ambaci sunansa, ya ajiye mota ya tafi makarantar fastoci. Ni fa? Na yi azumi tare da matasa, na durƙusa har gwiwata ta yi kanta, abin da na ji kawai kukan cikina ne. In an zo ba da shaida har kunya nake ji. Ina tsaye ina fassara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, ni ko filashin na waya ba a taɓa yi mini ba.

Sai ga Dogo. Mai bishara ne, shi ke taimaka wa Baba Fasto, jama'a na ce masa Malam. Ni ce na sa masa Dogo, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar falonmu. Ba zan ɓoye muku ba, ina sonsa. Mutum ne mai sanyi, bai iya faɗa ba, bai kuma iya zaɓen takalmi ba. Kullum da safe zai turo mini aya, a ƙasanta ya rubuta, "Kin karya?" In na yi jinkirin amsawa sai ya ƙara, "Ko ke ma injin ya cinye ki?"

Matsalar ita ce an tura shi buɗe sabon coci a wani gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota, kuma tafiyar ta matso. Ya ce yana so mu yi aure in bi shi. Na ce ya ba ni lokaci in yi addu'a. Shi ya ba ni, Mama ce ba ta ba ni ba.

"Addu'ar me kuma?" in ji ta, tana yanka albasa a kicin. "Addu'ar da nake yi tun kina goye ce aka amsa, ke kuma za ki koma ki tayar da maganar daga farko? Matar mai bishara fa, Auta! Gobe ke ce Maman coci. In wannan ba kira ba ne, to mene ne kira?"

"Mama, bencin su Yaya fa? Babu wanda ya iya sai ni."

"Allahn da ya ba su ke zai ba su wata. Haka za ki tsufa kina karkaɗa hannu?"

Da ta zo faɗin wannan sai da ta juya wa ƙofa baya, don Yaya na zaune a falo tana tsintar shinkafa. Yaya na karanta leɓe, ba duka take kamawa ba amma tana kama abin da ya ishe ta. A gidanmu in kika ga Mama ta juya baya, to maganar Yaya ake yi.

To, ranar Lahadin da abin ya faru, Baba Fasto ya ba Dogo dama ya yi wa jama'a godiya kafin tafiyarsa. Ina daf da shiga coci saƙonsa ya shigo: "Yau ki saurare ni da kyau." Na mayar masa: "Ina da zaɓi ne? Ai aikina ke nan." Ya turo hoton dariya. Ya sa farar rigar nan mai dogon hannu da na taɓa cewa tana yi masa kyau, ni kuma ban kawo komai a raina ba.

Sai na gaya muku abu biyu game da aikin tafinta kafin ku gane abin da ya same ni. Na farko, kullum a bayan mai magana kike, sai ya gama jimla kin fahimce ta sannan hannunki ya bi. Na biyu, ba kya cewa "ya ce". Ke ce shi. In ya ce "ni", ƙirjinki za ki nuna.

Ya fara lafiya lau. Ya gode wa dattawa, ya gode wa mata, ya ba da labarin garin da za shi. Ina binsa, ƙirjina nake nunawa, ni ce zan tafi, ni ce nake roƙon addu'a. Can sai na ji muryarsa ta sauya.

"Amma ba ni kaɗai zan tafi ba," in ji shi. "Ubangiji ya nuna mini abokiyar aiki, kuma duk kun san ta. Ga ta can tsaye, wadda hannunta bai taɓa gajiya da aikin Ubangiji ba."

Coci ya kaure da shewa. Mai ganga ya saki hannu. Na hango Mama ta miƙe tana juyi, ƙawayenta sun rufe ta. Ni kuwa hannuwana suna can baya, a kan "ba ni kaɗai zan tafi ba", sun tsaya cak a iska. Su Yaya suna jin ganga a jikin benci da tafin ƙafa, suka waiga suka ga jama'a tsaye kowa na nuna gaba, suka juyo gare ni gaba ɗaya. Baba Mai Agogo ya ɗaga gira ya kaɗa hannu, yana tambayar me ke faruwa.

Na kalle su, suka kalle ni. Sai kawai na ga hannuwana sun ci gaba: "Ba ni kaɗai zan tafi ba, Ubangiji yana tare da ni. Ku yi ta yi mini addu'a."

Suka gyaɗa kai, suka ɗaga hannuwa sama suna kaɗawa, don haka kurame ke tafi. Matar magini har da murmushi, ta ɗauka duk wannan murnar ta tafiyar Malam ce. Yaya ce kaɗai ba ta ɗaga hannu ba. Ba hannuna take kallo ba. Ta kalli bakin Dogo, ta waiga ta kalli Mama, sannan ta dawo da idonta kaina, ta harɗe hannuwa a ƙirji.

Kada ku tambaye ni dalili, na tambayi kaina har na gaji. Wani lokaci in ce don ban amsa masa ba ne, me zai sa in sanar da auren da ban yarda da shi ba, da hannuna kuma? Wani lokaci in ce tsoro ne, na kasa kallon idonsu in ce musu zan tafi in bar su. Ko wanne ne, ƙaryar ba ta kai bakin ƙofa ba. Ana tashi mata suka yi mini caa, wannan ta rungume, wannan ta ja kumatu, wata ta kama yatsana tana nuna wa masu wanki inda zobe zai shiga. Baba Mai Agogo, wanda ya saba tsayawa kowace Lahadi ya tsokane ni wai yau hannuna ya yi in'ina, ya dube ni kawai, ya sa hularsa ya wuce.

Da muka koma gida Mama ta baje a falo da waya, tana kiran dangi ɗaya bayan ɗaya. "Ke dai bari, a gaban kowa da kowa ya faɗa!" Na wuce ɗaki. Yaya na kan keke, ko kayan coci ba ta cire ba. In ina son ta dube ni, ƙasa nake bugawa da ƙafa ko in kashe fitila in kunna. Na yi duka biyun, ba ta ɗago ba. Na zagaya gaban keken na tsuguna. Sai ta rufe ido.

Ku masu ji ba za ku san zafin wannan ba. Mai ji in ya yi fushi, ko ya toshe kunne maganarki na ɗan shiga. Kurma in ya rufe ido shi ke nan, babu ke a duniya. Na tsuguna a nan ina hawaye har ƙafata ta yi tsami, sannan ta buɗe.

"Coci duka ya ji," ta ce. "Yara sun ji. Mai gadi a waje ya ji ta lasifika. Mu da muke zaune a gabanki, mu kika bari muna tafi kamar wawaye."

"Yaya, ban amsa masa ba fa. Bai kamata ya faɗa ba."

"Wannan tsakaninku ne. Ya faɗa ko bai faɗa ba? Naki ki ba mu abin da aka faɗa. Yau kin zaɓar mana. Sau nawa kika taɓa zaɓar mana ban sani ba?"

"Ban taɓa ba! Allah ya sani ban taɓa ba!"

"Allah ya sani. Ni ta ina zan sani?"

Sai na kamo abin da nake ganin zai sanyaya mata rai. "Saboda ku ne fa nake ta jan ƙafa. Saboda ke, Yaya."

Ta yi dariyar nan tata mai ƙarfi wadda ita ba ta jin ta, har Mama ta yi shiru a falo. "Kada ki ɗora mini. Ina da kekena. Masu kawo ɗinki su nuna mini hoto a waya in ɗinka musu, ban taɓa neman tafinta ba. Kafin ki tsaya a gaba ina zuwa coci, bayan kin tafi zan je. Yaushe na roƙe ki? In kina sonsa ki bi shi. In ba kya so ki buɗe baki ki ce ba kya so. Amma ki daina ɓuya a bayana."

Ta mayar da kai kan ɗinki. Na zauna bakin gado kaina ya kulle. Duk shekarun nan na ɗauka don Yaya nake tsayuwar nan, har nakan ji tausayin kaina, wai ni mai sadaukarwa. Ga shi ta sauke mini kayan, ta ce ba nata ba ne. Ya kamata in ji sauƙi, in tashi in kira Dogo in ce na amince. To me ya sa fuskar Baba Mai Agogo sanda yake sa hula ta ƙi barin idona?

Saƙon Dogo ya yi ta shigowa. "Kin yi fushi?" "Auta?" "Don Allah ko ɗigo ne ki turo." Ban tura ba. Washegari aya ta zo babu "Kin karya?" a ƙasa. Ranar Talata da rana sai ga shi a shago, ya sunkuyo ta ƙofa riƙe da lemo mai sanyi, ya jira har na sallami wani mai buga katin gayyata.

"Na yi kuskure ko?"

"Sai yanzu ka sani?"

"Mama ce ta ce mini kin amince, kunya ce kawai ta hana ki faɗa."

Na ce a raina, Mama ke nan, an gama da ni. A fili kuma na ce, "Ko da na amince, Malam, a gaban coci? Ni ce fa zan fassara."

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya ban yi wannan tunanin ba. Na ma manta kina aiki ne a lokacin."

Maganar ta soke ni, amma ban nuna ba. Ashe shi ma karkaɗa hannu yake gani. Na buɗe lemon na kurɓa don in sami abin yi.

"In tambaye ka, kada ka yi mini wa'azi. Da gaske murya ka ji?"

Ya dubi injin. "Ban ji murya ba," ya ce a hankali. "An aike ni garin da saƙo ne, na tarar suna taruwa a wani ajin makaranta, babu mai koya musu, wanda ya ɗan iya karatu shi ke tashi ya karanta su watse. Na dawo abin ya ƙi barina. Ina cin abinci su nake gani. Da na gaji sai na daina gardama."

"To ni fa? Wa ya ce maka ni ce?"

"Ke ma kin ƙi barina."

Jama'a, saura kaɗan in narke a kan kujera. Na daure na haɗe fuska. "Akwai kurame a can?"

"Ban sani ba, Auta. Ban tambaya ba. Amma ai ba za a rasa ba, kuma na tabbata ba a taɓa yi musu wa'azi da hannu ba."

Kun ga inda ya ƙara rikita ni. In haka ne, wataƙila can ɗin ne ake nemana, ni ce na nace wa benci biyu. Wataƙila Mama ce mai gaskiya. Wataƙila kuma babu mai nemana ko'ina, ni ce dai na iya wani abu da yawancin mutane ba su iya ba, kamar yadda wata ta iya kitso. Dogo ya ce Baba Fasto na so ya sa mana albarka a gaban jama'a ranar Lahadi, sai dai in na ce a'a. Ban ce a'a ba, ban ce to ba. Wata mata ta shigo da takardun makaranta tana sauri, injin ya cinye ta farko, na duƙa ina ciro ta. Da na ɗago ya tafi.

Mama ba ta jira kowa ba. Ta sayo yadi ja mai furanni ruwan zinare, irin wanda nake tsayawa kallo a shago in haɗiye yawu, ta dire wa Yaya a kan keke. Ta kuma je ta gaya wa Baba Fasto cewa ranar nan hutawa zan yi, amarya ba ta tsayuwa. Yaya ta gwada ni, kafaɗa, ƙugu, tsawo, ba ta kalli fuskata ba ko sau ɗaya. Satin nan kaf ba mu yi magana ba, ɗaki ɗaya, sai ƙarar keke. Amma rigar da ta fito, ban taɓa sa irinta ba. Ta kama ni cif, hannun ya buɗe daga gwiwar hannu, ta bi wuyan da wani siririn aiki da na san ya ci mata ido. Na kasa gane ko yafe mini ta yi ko sallamata take.

Ranar Lahadi na sha jan farce, na zuba awarwaro hannu biyu, na sa 'yan kunne masu lilo har kafaɗa. Ba yabon kai ba, na yi kyau. Na zauna kusa da Mama a jeri na biyu, hanya ce kawai tsakaninmu da bencin su Yaya. Na zaci ba za su zo ba. Sun zo, dukansu, kowa ya zauna inda ya saba.

Rabon da in zauna a coci har na manta. Aka fara wa'azi. Baba Fasto mai yawo ne, ya je nan ya dawo can, ya juya baya, makirfo kuma ya rufe masa baki. Na ga suna binsa da ido har suka gaji. Magini ya fara gyangyaɗi. Aka yi wani abin dariya coci ya ɗauka, masu wanki suka waiga hagu da dama, sannan suka yi ɗan murmushi don kada a bar su a baya. Da aka ce a tashi, sai da suka ga kowa tsaye suka miƙe. Aka zo addu'a, kowa ya rufe ido. Su ba sa rufewa, don a lokacin ne suke kallona. Na saci kallo na ga idanunsu a buɗe, suna kallon gefen bagadi inda babu kowa.

Sai na ji awarwaro na ƙara. Ashe hannuwana ne ke bin addu'ar a kan cinyata. Mama ta mintsine ni.

"Ki natsu, ana kallonki," ta ce ƙasa-ƙasa.

Na danne hannu ɗaya da ɗaya. Ba a jima ba suka sake farawa. Ina so ku fahimce ni, ban ji murya ba, ban ga haske ba, kada wata ta rubuto mini cewa ai shi ke nan an kira ni. Abin da na ji ya fi kama da ki ga tukunya na tafasa tana zuba a wuta, kowa na wucewa, ke kuma an ce ki zauna kada ki ɓata kwalliya. Zufa ta jiƙa mini sabuwar riga.

Bayan wa'azi Baba Fasto ya kira mu. Na taka na hau dandamali, Dogo a damana yana ta murmushi, takalminsa kamar kullum.

"Makon jiya mun ji daga bakin namiji," in ji Baba Fasto, aka yi dariya. "Amma a cocin nan ba ma ara wa mace baki. Ɗiyata, ki gaya wa jama'a da kanki. Kin yarda ki aure shi, ki bi shi inda aka aike shi?"

Ya miƙo mini makirfo, na karɓa. Na ga Mama ta dafe ƙirji tana gyaɗa mini kai. Na ga bencin nan biyu sun zubo ido, sun san ana wani babban abu, ba su san ko mene ne ba. Yaya kaɗai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. Na dubi makirfon da ke hannuna. Mutum ba ya maganar hannu da abu a hannunsa.

"Riƙe mini," na ce wa Dogo.

Ya karɓa. Na zare awarwaron nan duka na zuba masa a ɗaya hannun. Na taka zuwa inda na saba tsayawa, na buga katakon dandamalin da dunduniya har Yaya ta ji a ƙafarta ta ɗago.

"Makon jiya na yi muku ƙarya," na ce da hannu. Jan farcen nan sai walƙiya yake, hannun riga na ta faɗowa ina turewa. "Abin da ya faɗa shi ne, ni zai aura mu tafi tare. Ku yafe mini. Yanzu Baba Fasto yana tambayata ko na yarda."

Nan na tsaya, don iyakar abin da na yi niyya ke nan. Baba Mai Agogo ya matso, ya buɗe tafin hannu: to, sai me?

"Ina sonsa," na ce. "Amma ba zan bi shi ba. Ba zan iya barin wurin nan babu kowa ba. Ba don Yaya ba ne. Ban san don me ba ne. Ko zai jira ni, ko ba zai jira ba, ban sani ba."

Ni kaina sai da na ga hannuwana sun faɗa sannan na san abin da ke raina. Matar magini ta toshe baki. Baba Mai Agogo ya jingina baya a hankali. A cocin kuwa ba ka jin komai sai fanka.

"Me take cewa?" Muryar Mama ce, ba ta ma rage ta ba. "Jama'a, wai me yarinyar nan take cewa?"

Babu mai amsa mata. Na waiga na ga Dogo tsaye, makirfo a hannu ɗaya, awarwarona a ɗaya, yana murmushi har yanzu. Ya ga na dafa ƙirji na nuna shi, ya ɗauka shi ke nan. Baba Fasto ya yi 'yar dariya.

"To, ɗiyata, su dai sun ji, saura mu. Wa zai fassara mana?"

Duk cocin nan babu mai iyawa sai ni. Abin da na ga dama shi za su ji. Kalma ɗaya ce, in ce na yarda, Mama ta yi rawa, Dogo ya tafi da farin cikinsa, ni ma in tafi da mutumin da nake so. Ya tako ya kara mini makirfo a baki, yana kallona da idon nan nasa masu sanyi.

Sai na ga Yaya ta miƙe tsaye. Ta yafito Dogo, ta yi masa alama ya sauke makirfon ƙasa kaɗan, saboda yana kare mini baki. Ya sauke. Ta matso har bakin dandamali, ta zuba wa leɓena ido.